Tikitocin da Na Buɗe wa Irfan

Jiya da la'asar aka yi yayyafi a unguwarmu ta Jurf. Ina tsaye a bakin taga da rigar sanyi a jikina, cikin watan azumi, a Madina, sai dariya ta kama ni. Hadiza ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Baban Amira, dariyar me kake yi kai kaɗai? Ko yunwa ce ta fara taɓa ka?" Na ce wace yunwa, ai wannan ba azumi ba ne, hutu ne. Ka tashi aiki, ka ɗan kishingiɗa, kafin ka juya an kira magariba ko maƙogwaronka bai bushe ba. Amira da ƙannenta kuwa suna kwance a falo suna nishi wai ƙishirwa za ta kashe su, nishin ma da Larabci, don Hausa sai in za su roƙi wani abu. Hadiza ta ce to in gode wa Allah mana. Na gode masa. Amma ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa bai kai ni gida Gusau ba kamar yadda ya saba. Baya ya mai da ni, shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, zuwa azumin da ya faɗo a tsakiyar zafi, wanda muka yi da wani matashi Ba'indiye mai suna Irfan.

Lokacin shekarata biyu da zuwa ƙasar nan, ina aiki a sashen magani na wani asibiti mai zaman kansa a gefen gari. A nan duk wanda ya sa farar riga daktur ne, don haka Daktur Auwal ake kira na, ko da yake ban taɓa ɗora wa kowa hannu a ƙirji ba. Ni mutumin Zamfara ne, na zo da fahariyar cewa na san zafi. Madina ta nuna min ban san komai ba.

Tun hantsi iska take tasowa, busasshiya, mai zafi, ta doki fuskarka kamar ka leƙa tanderu. Sitiyarin mota ba ya taɓuwa sai da tawul. Tankin ruwan gidanmu a saman bene yake, rana ta yini tana dafa shi, sai ya zama famfon da aka ce na sanyi ne shi ke ƙona hannu. Maƙwabta ne suka koya wa Hadiza dabara: a kashe injin dumama ruwa gaba ɗaya, ruwan da ya kwanta a cikinsa ya huce, sai a riƙa alwala da famfon zafi. Wata guda muka yi a haka, komai a juye. Sau biyu ruwan ma ya yanke ɗungurungum, muka zauna jiran motar ruwa, ga Amira tana goyo, ƙuraje sun feso mata a wuya. Hadiza ta cika duk abin da yake da baki a gidan, har tukunyar da take dafa taliya.

Ranakun a jere suke, ba ka bambance ɗaya da ɗaya. Bayan asuba ta jiƙa wake da gyaɗa. Waken sai na je har shagon wani Basudane nake samo irin namu. Da azahar ta surfa, ta markaɗa a ƙaramin injin da yake yin zafi ya tsaya, sai ta lulluɓa masa jiƙaƙƙen tsumma ta jira ya huce. Ni kuma ina can ina ƙirga ƙwayoyi, leɓena ya tsage, harshena ya yi nauyi har ba na son a gaishe ni don kada in amsa. Yinin ba ya ƙarewa. Ka duba agogo ƙarfe huɗu, ka yi aiki mai yawa, ka sake dubawa huɗu da minti goma. Abu ɗaya ne zafin nan ya yi mana na alheri, shi ne ɗanyen dabino. Lokacinsa ne daidai. Motoci suna shigowa da shi daga gonakin Khaibar da na hanyar Badar, rabinsa rawaya rabinsa ya yi laushi, ka sa a baki ya narke ba sai ka tauna ba. Tsofaffin garin suna cewa zafin da muke kuka da shi shi ne yake nuna shi. Bana kam dabinon bara muke ci daga firji.

Irfan ya riga azumin nan zuwa da wata biyu. Asibitinmu ya sayi sabuwar manhajar kwamfuta daga wani kamfani a Indiya, wadda za ta haɗa likita da sashen magani ba sai an rubuta takarda ba. Mutum kusan ashirin ne suka zauna a can cikin sanyin ofis suka rubuta ta, sannan suka ɗauko mafi ƙanƙantarsu suka turo shi ya zo ya sha zagi. Ɗan Haidarabad ne, bai wuce shekara ashirin da huɗu ba, siriri, da tabarau da jakar goyo da katin aiki a wuya. Da Turanci muke magana da shi, mu cike da Larabcin kasuwa.

Aikinsa a takarda shi ne kula da manhaja. Aikinsa na gaskiya shi ne duk abin da yake da waya a jiki. Muhandis kowa yake kiran sa, wato injiniya. "Ya muhandis, firinta ta ƙi." "Ya muhandis, wayata ta cika." Wani babban likita ya taɓa kiran shi daga hawa na ƙasa zuwa na huɗu, yana ta faɗa wai manhaja ta lalace, ashe wayar allon ce mai shara ya fizge. Irfan ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya mayar, ya miƙe ya ba shi haƙuri. Shi ya ba da haƙurin. Kowace safiya kuma, ƙarfe bakwai, zan same shi a lungun bene inda waya take kamawa, a tsaye, yana taro da ofishinsu na Indiya. Wai a tsaye ake yin taron don kada ya yi tsawo, amma sai ya kai minti arba'in. Tambaya uku ce kullum: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare ka. Ni dai in na wuce ba abin da nake ji sai "yas sa, yas sa." Su shida suke kwana a ɗaki biyu da kamfani ya kama musu, na'urar sanyi ɗaya ce mai aiki, ita ma tana ɗigar ruwa a kan wanda layi ya faɗo wa.

Na tambaye shi wata rana abin da ya sa yake haɗiye duk wannan. Ya ce gwajin wata uku aka ba shi, zai ƙare a ƙarshen azumi. In ya ci, za a tabbatar da shi a Madina shekara biyu, sannan yana da damar nema wa mahaifiyarsa bizar ziyara. Ammi yake kiran ta. Mahaifinsa ya rasu tun yana makaranta, ita ta riƙe shi. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, gwiwoyinta sun fara ba ta matsala, amma ta riga ta yi fasfo, ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a akwatinta. Ya ce, "Daktur, ba ta taɓa tambaya ta ko aiki yana da wuya ba. Tambayarta ɗaya ce, yau ka je ka yi wa Manzon Allah sallama? Ita a ganinta ƙofar ofis ɗina tana kallon Harami." Muka yi dariya. Sau uku kacal ya samu zuwa tun da ya sauka.

Da azumi ya kama sai manhajar ta nuna ba ta san musulunci ba. Ita dai abin da aka koya mata shi ne sau uku a rana, bayan kowace awa takwas. Likita zai gyara wa mai azumi lokacin shan magani, amma takardar da muke mannawa a jikin kwalba ta fito da ƙarfe biyu na rana. Sai mu bi da biro muna sokewa muna rubutawa, layi ya kai har bakin ƙofa, mutane da yunwa, mu ma da yunwa. Irfan ya tsaya ya kalle mu kwana biyu, ya kai maganar taron safe. Ogansa ya ce wannan ba ya cikin yarjejeniya, a rubuto buƙata, kwamiti zai duba nan da wata biyu. Irfan ya zo yana maimaita min, "Wata biyu, Daktur. Na ce masa azumin wata ɗaya ne. Ya ce in rubuta hakan ma a cikin buƙatar."

Bai jira ba. Cikin kwana uku ya yi abin da kansa. Takarda ta fara fitowa da "bayan buɗa-baki" da "kafin sahur", da Larabci da Urdu, har ya zo da littafinsa ya ce in faɗa masa yadda ake cewa da Hausa. Ranar da na miƙa wa wani dattijo ɗan Maraɗi magani ya ga harshensa a jikin kwalba, sai da ya juya ta sau biyu ya ce, "Ikon Allah, injin ma ya iya?" Layi ya ragu. Mu muka huta. Ladan da Irfan ya samu shi ne faɗa na rabin awa a lungun bene, wai ya taɓa abin da ba a ba shi izini ba.

Abin ya ƙona min rai, kuma ni in raina ya ɓaci sai na yi wani abu, ko mai amfani ko mara amfani. Na ce tun da mutanen nan ba sa ganin aikin yaron nan, ni zan nuna musu. A cikin manhajar akwai wani shafi da ake kai ƙorafi. Ka rubuta abin da ya faru, a ba shi lamba, ya tafi kai tsaye ofishinsu na Indiya. Tikiti suke kiran kowane ɗaya. Ba wanda yake amfani da shi a asibitinmu, kowa ya fi gane ya leƙa ƙofa ya ƙwala kiran muhandis. Ni kuwa ɗan takarda ne. Matar da ta koya min aiki a gida, in ka ba da magani ba ka rubuta ba, a wurinta ba ka bayar ba, ko da mara lafiyar yana tsaye yana rantsuwa ya sha. A haka na tashi. Sai na fara: duk abin da Irfan ya gyara mana, komai ƙanƙantarsa, in buɗe masa tikiti. A sama in rubuta matsalar, a ƙasa in rubuta cewa Injiniya Irfan ya zo nan take, ya gyara, mun gode, Allah ya yi masa albarka. Wata rana biyu, wata rana uku. Ina yi ina jin daɗin kaina ƙwarai.

Akwai wani ɗaki a hawa na ƙasa inda manyan injinan kwamfutar suke, saba suke ce masa. Shi ne wuri mafi sanyi a asibitin, don injin ya fi mutum gata. Kullum da magariba Irfan yana can, saboda manhajar tana buƙatar a kashe ta a kunna sau ɗaya a yini, kuma a duk faɗin Madina rabin awar buɗa-baki ce kaɗai ba mai taɓa kwamfuta. Kowa yana kan shimfiɗa da danginsa, shi yana gaban allo da robar ruwa da dabino uku a takarda. Da na gane haka na gaya wa Hadiza, ta ce subhanallahi, ɗan mutane. Daga ranar, in ina aikin yamma, fulas biyu take haɗa min.

Ba na manta zaman nan. Mu cire takalma, mu shimfiɗa kwali, injina suna ta gurnani, sanyi yana ratsa rigar da gumi ya jiƙa har sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Ba ma jin ladan daga ciki, sai dai mu sa wa agogon allo ido. Kurɓin farko na ruwa kana jin sa yana sauka har ciki, yana bin hanya. Da farko Irfan ya ɗauki kunun gyaɗa da tsoro, ya shinshina, ya ɗanɗana don kunya. Kafin mako ya zagayo shi yake fara tambaya, "Daktur, yau akwai kunu?" Ƙosai kuwa ya ce suna da ɗan'uwansa a garinsu, sai dai namu ba yaji. Na ce Bahaushe ne yau ake gaya wa ba yaji. Washegari Hadiza ta ɗura masa barkono har sai da ya cire tabarau yana share ido, yana cewa yanzu ya yi daidai. Rannan shi ma ya zo da wani fate na alkama da nama da abokan ɗakinsa suka yini suna tuƙawa, na kai wa Hadiza saura, ta ci ta yi shiru, wanda a wurinta babban yabo ne.

A ɗakin nan ne, wajen sha biyar ga wata, ya ce min cikin sanyin murya, "Daktur, in ka sami lokaci, ko za ka rufe tikitocin nan?"

Na ce, "In rufe? In na rufe ai sun ɓace daga idon ogan naka. Yanzu kuwa ga su nan jajaye, duk safiya sai ya gan su."

Ya ce, "Shi ne ai, Daktur, jan nan..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Irfan, kai ka san kwamfuta, ni na san ofis. Na yi shekara goma sha biyar ina aiki da shugabanni. Wanda ba ya nuna aikinsa ba a ganin sa. Ka bar min wannan, sha kununka." Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ni kuma na zaɓi wanda ya yi min daɗi. Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar ashirin da biyar ga wata, da hantsi, Abu Yasir ya kira ni ofishinsa. Shi ne shugaban sashenmu, ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga ƙasar Kano ya tako da ƙafa zuwa aikin hajji ya zauna. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, tana tafe tana tuntuɓe da Larabci. Ya ce, "Ya Auwal, ta'al, zamna. Akwai mushkila kabira. Yaron nan, muhandis, halas, sun ce ya koma." Ya juyo min da allonsa. Wasiƙa ce daga kamfanin, suna ba asibiti haƙuri. Sun ce a duk wuraren da suke aiki, namu ne ya fi ko'ina yawan ƙorafin da ba a warware ba, arba'in da uku, wasu sun yi mako uku a buɗe. Don haka injiniyan bai ci gwaji ba, za su turo wanda ya fi shi ƙwarewa bayan Sallah. A ƙasa ga jerin. Abu Yasir ya bi shi da yatsa a hankali. "Kulluhum suna ɗaya. Wallahi ya ahi, me ya yi maka?"

Na miƙe na bar ofishin. Na sauka bene ban jira lif ba.

Na sami Irfan a ɗakin saba yana rubuta wa wanda zai gaje shi bayanin aiki, shafi-shafi, har da wace firinta ce sai an ɗan buge ta a gefe. Ya ɗago ya gaishe ni kamar kullum. Na ce ba su karanta abin da na rubuta a ciki ba ne? Ya ce ba mai buɗe ciki, Daktur, injin ne yake tattara lissafi duk mako, ja nawa, kore nawa. Ya yi wa ogansa bayani sau biyu a taron safe, ogan ya ce in da gaske mai ƙorafi ya gamsu ai da ya rufe.

Na ce, "To kai me ya hana ka rufe su da kanka? Ba kai ne mai injin ba?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ba ya yiwuwa. Sai wanda ya buɗe. An yi haka ne don kada injiniya ya share laifinsa. Ni na rubuta wannan ɓangaren, tun ina Indiya. Shi ne aikina na farko a kamfanin, har yaba min aka yi."

"Ka gaya wa Abu Yasir mana! Ka ɗaga min murya! Ka ce Daktur kana kashe ni!"

"In kai ƙarar wanda yake kawo min kunu?" Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Kuma na ɗauka zan iya shawo kan ogan kafin lokaci. Kuskurena ne wannan. Amma Daktur, wata uku ina nan, kai kaɗai ne ka taɓa rubuta cewa ka gode. Ina karanta su. In an gama min faɗa da safe nakan buɗe ɗaya in karanta, sannan in hau sama."

Na zauna a kan kwalin da muke buɗa-baki, ni da girmana da farar rigata, na rasa inda zan sa fuskata. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba kafin nan, kuma ban sake ji ba har yau.

Mun yi abin da za mu iya. A ranar na zauna na rufe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya tambaye ni ko an warware matsalata, ko na gamsu, in danna e. Abu Yasir ya rubuta wasiƙa mai zafi, mudir, wato shugaban asibiti, ya sa hannu ya buga hatimi, ni ma na rubuta tawa na ce laifina ne daga farko har ƙarshe. Bayan kwana biyu amsa ta zo, layi huɗu. Sun gode da bayaninmu mai amfani, amma an riga an rufe rahoton gwaji, an kuma fitar wa sabon injiniya biza. Hadiza ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Kai dai in ka so mutum ba ka jin maganarsa," ta ci gaba da tace kunu.

Kwana uku bayan Sallah ya tafi. Mun yi shekara biyu muna gaisawa ta waya, ya bar kamfanin, ya koma wani a wani gari, daga baya lambar ta daina shiga. Ban sani ba ko Ammi ta taɓa zuwa Madina. Duk tsohuwa Ba'indiya da na gani ana turawa a keke a harabar Harami sai na kalli mai tura ta. Amma ba ranar tafiyarsa ce ta fi zama min a rai ba, yammacin ashirin da tara ga wata ne.

Ranar Abu Yasir ya sauko da kansa bayan la'asar ya ce wa Irfan ya rufe allo. Gidansu suna da wurin shimfiɗa a harabar Harami tun zamanin mahaifinsa, duk azumi su ne suke ciyar da wannan layin. Irfan ya ce saba fa, wa zai kashe ya kunna? Abu Yasir ya ce, "Halli saba ta ƙone. Yalla, tashi."

Muka isa rana ta yi ƙasa amma dutsen harabar yana nan da zafinsa, kana jin sa ta cikin darduma. Dogayen ledoji a shimfiɗe iya ganinka, a kan kowace ga burodi mai zagaye, ga kindirmo, ga garin yajin da mutanen Madina suke barbaɗawa a ciki, ga ɗanyen dabino. Masu shimfiɗa suna tare mutane a hanya suna kama hannunsu, kowa yana roƙon a zo a zauna a tasa. Irfan ya tsaya yana kallo baki a buɗe, sai da Abu Yasir ya ja shi ya zaunar tsakanina da wani Baturke. Ya daɗe yana kallon koriyar ƙubba. Sannan ya ciro waya ya matso kusa da kunnena. "Daktur, ban faɗa mata ba tukuna. Sai na isa, in faɗa mata tana ganin fuskata."

Ya kira ta. Na ji muryarta siririya tana tashi da murna da ya gaya mata inda yake zaune. Suka yi magana kaɗan, sai ya miƙo wayar tsakaninmu. "Tana son ta gaishe ka. Na daɗe ina ba ta labarinka." Na yi mata sallama. Ta amsa, ta shiga magana da Urdu ba tsayawa, shi kuma yana fassara min, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Ta ce kai ne daktur mai ba ɗanta abin sha mai ɗumi. Ta ce Allah ya ciyar da 'ya'yanka a inda ba ka nan. Ta ce uwa ba ta manta wanda ya tsaya wa ɗanta a baƙon wuri." Ya saurara. "Ta ce ita ɗinki take yi, ba ta da abin da za ta kawo maka sai hula. Za ta ɗinka ta taho da ita in za ta zo. Wai in auna mata kanka."

Na kalle shi, ya kalle ni. Ta sake magana daga can, tana jira.

Na cire hulata na sunkuyar masa da kai. Ya zare igiyar katin aikinsa daga wuya, ya zagaya min ita a goshi a gaban mutane, ya danne inda ta haɗu, ya auna tsawon da yatsunsa a hankali. Ya faɗa mata, ya maimaita don ta rubuta.

"Ta ce wace kala?"

Na ce, "Fara."

Ya faɗa mata. Sai ladan ya ɗaga murya, dubban hannuwa suka kai baki lokaci ɗaya. Irfan ya ɗaga wayar sama da hannu biyu don Ammi ta ji kiran sallar Madina. Ni kuma dabinona yana hannuna har aka gama.